Jirgin Nguru a Ɗakin Baƙi

A gidanmu na Ƙuba, tsakanin Nguru da Madina bai fi kamu biyu ba. Idan na shiga shara da safe bayan maigidana ya tafi aiki, nakan ɗora hannun dama a kan rufin tashar garinmu, na hagu a kan tashar Madina, ban ɗaga ƙafa ba. Wani faffaɗan katako ne ya cinye rabin ɗakin baƙi. A kansa maigidana ya shimfiɗa layin dogo siriri kamar tsinken tsintsiya, da ɗan jirgi mai aiki da lantarki wanda kansa bai wuce tafin hannuna ba. Layin zobe ne. Jirgin ya bar Nguru, ya hau gada bisa wani shuɗin ƙyalle da aka ce shi ne Bahar Maliya, ya wuce ta Madina, ya sake dawowa Nguru. Ni kuwa mai ƙafa da fasfo, na yi shekaru ban ga garin ba.

Maigidana injiniya ne a wani kamfanin wutar lantarki. Aiki ya kawo shi, aure ya kawo ni. A gida malamar firamare ce ni, ina da ajina da keken ɗinkina da bakina. A nan sunana yana cikin iƙamarsa, wato takardar zama, a layin da ake rubuta iyali. Ba na tuƙi, ba na aiki, ba na sauka ƙasa sai da shi. Fasfonmu yana cikin durowar kamfani, kuma duk wanda zai je gida sai an buga masa izinin fita da dawowa, wanda kowa ke kira huruj wa auda ko da Hausa yake magana. Tagar ɗakin girkina tana kallon bangon maƙwabta da kan wata bishiyar dabino guda. Na san bishiyar nan fiye da yadda na san matan benenmu.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da wanda zan kai wa kuka. Wa zai saurari ƙorafin matar da ke zaune a Madina? Mutane suna sayar da gona su zo su yi mako guda. In na ce na gaji, sai a ce in yi istigfari. Ina son garin, Allah Ya sani. Duk Juma'ar da aka kai ni Harami nakan dawo da sanyi a ƙirji. Amma sauran kwanakin mako fa, ni da bishiyar dabino ne.

Su uku ne masu wasan jirgin, ko da yake in na ce wasa maigidana yakan ɓata rai. Akwai shi, akwai wani malamin jami'a ɗan Zariya, sai wani dattijo haifaffen Madina wanda kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa bai koma ba. Dattijon ɗan ƙasa ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma bai taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba. Ya girma ne a kusa da tsohuwar tashar Madina, wadda jirgi ya daina zuwa tun kafin a haife shi, yana wasa a cikin matattun taragai. Shi ya matsa sai an sa tashar a kan katakon. Ya ce in ba a kawo masa jirgi a gaske ba, ai a kawo masa na ƙarya. Da kwali ya gina ta, ya shafa mata toka don ta yi kalar baƙin dutse.

Kowace shekara suna yin abin da suke kira bikin tunawa da jirgin kwal. A cikin kansu, hukuma ta fito da wani tsohon kan jirgi mai tururi, ta wanke shi, ta yi masa fenti, za a ja taragai da shi kamar zamanin da. Sai su rataya ƙananan tutoci a tasha, su liƙa ƙyallaye masu cewa barka da zuwa, malamin jami'a ya miƙe ya yi jawabi a matsayin babban baƙo. Hayaƙi kuwa, garwashin turaren wuta ake ɓoyewa a ƙarƙashin katako daidai tasha. Manyan mutane masu furfura, su durƙusa suna tafi. Ni duk wannan ta tsagar ƙofa nake gani, domin ɗakin maza ne. Nawa shi ne in ƙwanƙwasa ƙofa idan shayi ya yi, maigidana ya zo ya karɓi tire.

Amma mutanen tashar, ni na yi su. Da farko malamin jami'a ya sa an kawo masa 'yan mutum-mutumi daga Turai, duk da malafa da lema. Dattijo ya ce shi ba zai yi salla a ɗakin da ke da siffofi masu fuska ba, aka goge musu fuskoki da abin gyaran farce. Da na gan su na ce da maigidana ko da fuska ko babu, waɗannan ba 'yan Nguru ba ne. Na tara ƙwallayen dabino, da gutsattsarin atamfa, da gam, na fara yi. Na yi masu tallar bandar kifi, da 'yan dako da buhunan gyaɗa, da Bafulatana da ƙwarya, da mai shayi da teburinsa. Babu mai ido ko hanci a cikinsu, duk da haka na san kowa. A ƙarshen dandamali na tsayar da wani dogo mai farin kaki da koriyar tuta a hannu. Wannan Baba ne.

Mahaifina gadin jirgi ne a layin Kano zuwa Nguru tun zamanin kwal. Shi ke tarago na ƙarshe, kuma jirgi ba ya motsi sai ya busa usur ya ɗaga tuta. Usur ɗin na tagulla ne, ya sha hannu har ya yi santsi, da igiyar fata. Bayan ya yi ritaya ma yana aljihun rigarsa tare da carbi. Mu 'ya'yansa ba mu isa mu taɓa ba. Zuwanmu gida na ƙarshe, maigidana ya zauna a gabansa yana ta tambayar labarin jirgi, kunyar surukuta duk ta gudu, har ya yi ƙarfin hali ya roƙi usur ɗin, ya ce zai kawo masa sabo. Baba ya yi dariya har da buga cinya.

"Wannan? Sai dai in an raba gado."

Duk muka yi dariya, har Inna da ke bakin murhu.

A shekarar da nake magana, maigidana ya aika gida a roƙi Baba ya yi musu kaset, ya kira sunayen tashoshi yadda yake kira a da, don a riƙa sawa a bikin. A lokacin, da kaset muke gaisawa da gida, masu zuwa Umara su kawo, su koma da namu. Cikin azumi kaset ɗin ya iso. Ranar wata Alhamis su ukun suka zauna a kansa, ni kuma ina tsaye a bayan ƙofa da ludayi a hannu.

Na ji gyaran murya, sai usur. Gajeren busa ne, ba irin wanda nake ji tun daga gidanmu ina yarinya in san Baba ya iso ba. Sai muryarsa: Kano. Jogana. Zakirai. Tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai wani dogon shuu, shuu, mai ƙugi a ƙasa.

"Masha Allah," in ji dattijo. "Ji yadda yake yin sautin tururi. Haka yake yi, ya'ani, na gaske?"

"Haka yake sak," in ji malamin jami'a. "Tsohon nan gwani ne."

Ba tururi yake kwaikwayo ba. Numfashi yake nema. Na san muryar ubana. Ya kira Ringim, ya kira Taura da Gagarawa, ya ja Malam Madori da ƙyar. Da ya ce Birniwa sai tari ya sarƙe shi, aka ji ƙarar kwano, aka kashe rikoda. Bai kai Nguru ba. Maza suka ce ai kaset ne ya ƙare, maigidana ya ce ba komai, shi zai riƙa cike ta ƙarshen da bakinsa.

Da baƙi suka tafi na ce ya sake sawa, ya saurara da kunnen suruki, ya ajiye na injiniyan wasa. Ya saurara. Ba zan yi masa ƙarya ba, fuskarsa ta sauya, kuma washegarin aiki ya kai maganar ofis. Sai aka ce iƙamarmu tana wajen sabuntawa, ba a buga huruj sai ta fito. Akwai mutumin da kamfani ya ɗauka don bin takardu, kalma ɗaya ya iya: bukura. Gobe. Azumi ya ƙare a kan gobe, aka yi Salla a kan gobe. Da iƙama ta fito, an shiga shirin Hajji, aka ce ma'aikacin wuta ba ya motsawa, takardun iyalinsa ma sai bayan Hajji. Na ce ni kaɗai zan tafi. Aka ce ai ni da shi takarda ɗaya ce.

Sau ɗaya na samu Baba a waya, tun cikin azumi. A gidan wani ɗan kasuwa wayar take, sai an yi alkawari an je an ɗauko shi. Na ce ina nan tafe da zarar an ba ni fasfo.

"Ki taho ki yi me? Tari ne. Ke da Allah Ya ajiye a maƙwabtan Manzo, za ki baro ki zo kallon tsoho? Ki je Rauda ki yi mini addu'a, ya fi mini ganinki."

Na ce to. Me zan ce? Na ajiye waya na yi kuka, kuma a cikin kukan akwai haushinsa, domin shi ma ya rufe mini ƙofa da albarkar garin.

Ana cikin haka su kuwa shirin biki bai tsaya ba. Maigidana ya dawo aiki a gajiye, ya ci abinci a tsaye, ya shiga ɗakin baƙi da ɗan burushi yana goge layi. Ina jin jirgin yana zagaye, cakas-cakas, cakas-cakas. Wata rana na tsaya a kansa na ce, "Jirginka ya je Nguru ya dawo tun ɗazu, ko ya kawo labarin Baba?" Ya ɗago ya dube ni, ya kashe wutar. Daga baya na fahimci shi ma ba shi da inda zai je. Mutumin da fasfonsa ke durowar wani, ya sami wuri ɗaya a duniya da in ya murɗa maɓalli abu ke tashi. Na fahimta, amma fahimta ba ta rage mini zafi ba.

Maniyyatan jiharmu suka sauka Madina kafin su wuce Makka, cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar Baba. Maigidana ba shi da sarari sai Alhamis, ranar da suka sa bikin, don haka bayan Azahar ya je masaukinsu kusa da Harami ya ɗauko ta. Na rungume ta a bakin ƙofa, tana warin gida, warin daddawa da hayaƙin itace. Na ce yaya jikin Baba. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sunkuya tana kwance ƙullin tsaraba. Kuka, kuɓewa busasshiya, bandar kifi, yaji daga Inna. Na shige ɗakin girki da su, domin baƙi za su iso bayan La'asar kuma shinkafa tana wuta.

A al'adarmu ba a yi wa mace irin wannan albishir kai tsaye in mijinta yana nan. Shi ake wa, shi ya san yadda zai yi. Kuma suruka ba ta buɗe baki ta yi wa suruki dogon bayani. Gwaggo ta bi hanyar da ta sani. Ta same shi a bakin ɗakin baƙi, ta durƙusa, ta miƙa masa wani abu a ƙulle cikin hankici, ta ce, "Ga wannan, an ce a kawo wa 'yarsa." Kowane suruki a Nguru zai gane. Zai ce inna lillahi, ya nemi wuri ya zauna.

Maigidana kuwa sai ga shi a ƙofar ɗakin girki, fuska kamar an ba yaro kayan Salla.

"Kin ga abin da Baba ya aiko mana? Kin gani? Kuma yau ɗin nan, kamar ya san ranar."

Usur ne yake lilo a igiyarsa ta fata. Na dubi usur, na dubi Gwaggo da ke tsaye a bayansa. Ta kawar da kai tana kallon bango. A daidai nan aka buga ƙararrawar ƙofa, ya juya da sauri ya tafi tarbar baƙi, usur a wuya.

Na rage wutar shinkafa. Ban san dalilin da ya sa na fara da wannan ba. Na ce, "Gwaggo, yaushe?"

"Bayan ƙaramar Salla da kwanaki kaɗan. Da hantsi, yana kan tabarmarsa." Ta kama hannuna. "Shi ya ce kada a buga miki waya. Ya ce kina wuri mai albarka, kada a tayar miki da hankali a banza tunda ba fita za ki iya yi ba. Ya ce in an tashi rabo, wannan naki ne."

Na lissafa a raina. Ashe duk jiran da na yi tun bayan Salla, da duk addu'ar samun sauƙi da na yi masa a Rauda, yana cikin ƙasa. Na zauna a kan buhun shinkafa. Kukan bai zo da ƙarfi ba, ina jin maza a ɗaki na kusa, kuma shekarun zaman bene sun koya mini yin komai a hankali. Gwaggo tana ta cewa in yi haƙuri, in gode wa Allah, ya yi kyakkyawan ƙarshe.

Ƙanshin turaren wuta ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji malamin jami'a yana jawabinsa, yana yi wa manyan baƙi barka da zuwa wannan gagarumin biki. Aka yi tafi. Sai usur, na gaske, dogo, da cikakken numfashin mai lafiya. Rabona da jin wannan ƙarar haka tun ina 'yar firamare. Dattijo ya yi kabbara. Aka danna rikoda, Baba ya yi gyaran murya ya ce Kano.

Na tashi na zuba shayi a buta, na jera kofuna a tire, na je na ƙwanƙwasa. Maigidana ya buɗe kaɗan yadda ya saba, yana murmushi, ya miƙo hannu. Ban sakar masa tiren ba.

"Me Baba ya ce maka ranar da ka roƙi usur ɗin nan?"

Ya buɗe baki zai amsa da dariya. Na ga lokacin da maganar ta dawo masa. Hannunsa ya tafi wuyansa, ya damƙe usur ɗin kamar ya ƙone shi. Ya ce inna lillahi, a hankali, ya sake faɗa. Ya juya zai kashe rikoda.

Na ce, "Bar shi. Bar shi ya gama aikinsa."

Ƙofar ta zauna a buɗe, ba wanda ya tuna ya tura ta. Dattijo ya dubi fuskar maigidana, ya dubi tiren da ke hannuna, ya sunkuyar da kai ya fara salati. Malamin jami'a ya cire hularsa ya riƙe. Karo na farko ke nan da na ga bikin da idona biyu: tutoci, hayaƙi yana tashi ta ƙarƙashin tasha, 'yan tallata a jere, jirgi yana zagaye. A ƙarshen dandamali ga dogon nan mai farin kaki da koriyar tuta. Ban taɓa jin zafin rashin fuskarsa ba sai ran nan. Na tsaya ina neman fuskar Baba a kan ƙwallon dabino, ina ƙoƙarin tuna yadda take a ganin ƙarshe da na yi masa.

Taura. Shuu, shuu. Gagarawa. Yanzu ba wanda ya ce tururi ne. Muka tsaya muna jin mutum yana kokawa da numfashinsa daga tasha zuwa tasha. Malam Madori. Birniwa. Tari, ƙarar kwano, shiru.

Nan ne maigidana ya saba cikewa. Bai iya ba, yana tsaye da usur a hannu. Ni da muryata ba ta taɓa shiga ɗakin nan da baƙi a ciki ba, na ja ta yadda Baba yake ja in ya hango gida.

"Nguru. Nguru ke nan. Kowa ya duba kayansa."

Jirgin yana shigowa tashar daidai lokacin. Sai an murɗa maɓalli yake tsayawa, kuma ba mai hannu a kan maɓallin. Ya wuce masu kifi, ya wuce mai shayi, ya wuce Baba da tutarsa, ya hau gadar shuɗin ƙyalle ya nufo Madina.